Wanke-wanken da Ba a Sa Ni Ba

Ba zan taɓa mantawa da aikina na farko a duniya ba, kuma Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin na gama sakandare ina zaune a gida a Gumel, ba makaranta ba sana'a, sai faɗa da ƙannena. Ana haka wata ƙawar Ummata tun ta firamare ta dawo gari. Anti Dakta muke ce mata. Ba likitar asibiti ba ce (maƙwabta dai ba su yarda ba, har yau suna kawo mata ƙarar hawan jini). Dakta ce ta binciken al'adun mutane da kayan tarihi, kuma duk rayuwarta a kan duwatsu ta ƙare. Ba kowane dutse ba, sai wanda mutanen wurin suke girmamawa. Ta hau na Habasha, ta hau na Kudancin Amurka, irin waɗanda ƙanƙara ke rufe kansu, iska ma sai ta yi wa mutum rowa. A can ƙololuwa take tono abin da mutanen zamanin da suka hau da shi suka ajiye: tukwane, tsummoki, duwatsun wuya. Tambayar da ta hana ta zama wuri ɗaya ita ce, me ke sa ɗan Adam ya wahalar da kansa ya kai abu can sama ya bari?

Ranar da ta faɗa mini haka na ce, "Rashin aikin yi ne, Anti."

Umma ta harare ni. Ita kuwa Anti Dakta dariya ta yi har da hawaye, ta ce ni take so in riƙa raka ta, in ɗaukar mata jaka da rikoda.

Abin da ya dawo da ita gida gwiwa ce. Duwatsu sun cinye mata gwiwoyi, ko matakalar banki sai ta dafa bango. Sai ta ji labarin wani tudu a wani ƙauye gaba da Sule Tankarkar, ta ce da shi za ta rufe aikinta, tunda ta yi yawon na mutane ba ta taɓa duba na gida ba.

Ku da kuka san ƙasarmu kun san shimfiɗe take kamar tabarma. Da muka isa direba ya nuna mana wurin, sai na ce, "Wannan ne? Anti, motar da aka yi wa lodi a Maigatari ta kusa kamo shi."

Ta ce, "Ba tsawonsa nake dubawa ba. Kalli gonakin nan. An nome ko'ina har gindinsa, amma garma ba ta taɓa hawa kansa ba. Ga itace tsaye, ba wanda ya sara. Akwai dalili."

Mai gari ya karɓe mu da mutunci, amma ya ce tudun nan ba huruminsa ba ne, na mata ne, sai abin da Inna Kande ta ce. Inna Kande ita ce tsohuwar da ta fi kowa shekaru a garin, 'yar ƙarama, baki ba haƙori, ido kuwa kamar na shaho.

To daga nan wahalata ta fara. Mu zo, mu gaisa. Ina gajiya, ina iyali, ina ƙafa, yaya aka ji da rana. Anti Dakta ta miƙa goro da sabulu, ta zauna a tabarma tana taya mata gyaran zoɓo, a yi hirar tsadar taki da ta jikokin da suka tafi Legas. La'asar ta yi mu tashi. Tudu yana can yana kallonmu ta kan danga, ko sunansa ba a ambata ba. Wani satin mu sake dawowa, a sake gaisawa. Ni rikodar ma ban taɓa kunna ta ba.

A mota na kasa daurewa. "Anti, don Allah ki tambaye ta mana! Ga abu nan kusa, ko akuya tana hawa."

"Akuya 'yar gari ce," in ji ta. "Akwai dutsen da na yi damina guda a gindinsa kafin a ce in hau. Ba za mu hau ba sai an ce mu hau. In muka hau da kanmu, mun sauko ke nan har abada, ni kuma ba ni da gwiwar neman wani."

Na ce to. (Irin "to" ɗin da nake ce wa Umma in ta hana ni abu.)

Rannan muka tarar gidan Inna Kande cike da mata, an zube zoɓo tuli guda ana ta aiki. Na zauna, na zauna, ƙafata ta yi sanyi, hira ta koma kan wata akuya da ta haifi uku. Sai na ce zan je mota in ɗauko ruwa. Direba na barci a gindin gawo. Na buɗe bayan mota, na ga buhu, na ga babbar robar da yake wanke mota da ita da ƙullin omo. Shaiɗan bai sha wata wahala a kaina ba.

Kafin ruwan shayi ya tafasa na kai sama. Wata tsohuwar aduwa ce a tsakiya, a kewayenta kuma tukwanen ƙasa ne a kife. Kaɗan ne lafiyayyu, yawanci sun farfashe, sai tsingaro rabi a cikin yashi, duk baƙin hayaƙi da kashin awaki. Zuciyata ta buga don murna. Ai irinsu na gani a kwamfutar Anti Dakta, an jera su a kan farin tebur, tsaf-tsaf, kowanne da lambarsa. (Ba wanda ya gaya mini cewa tsakanin ƙasa da farin teburin nan akwai aikin watanni, ni ma kuma ban tambaya ba.) Na ce a raina, baiwar Allah tana ta ɓarar zoɓo saboda wannan, bari in hutar da ita.

Na tsince su tas. Na nan, na can, na gindin aduwa, duk na zuba a buhu ɗaya, har da wasu ƙananan tukwane biyu da ba su fashe ba. Na sauko ta baya zuwa famfon tuƙa-tuƙa na makarantar firamare, rana tsaka ba kowa. Kuma ni fa in ana maganar wanke-wanke ba na wasa, Ummata ta hore ni. Na kaɗa kumfa na dirje su ɗaya bayan ɗaya. Wani baƙin ƙanzo da ya manne a ciki ya ƙi fita, na sa dutse na kankare shi. Har waƙa nake yi.

Na ɗora roba a ka na nufi gidan. Ina zaure na jiyo muryar Inna Kande tana cewa, "To ke Hajiya, na ga dai kina da kunya, ba ki taɓa tambayata ba. Jibi in Allah ya kai mu, da hantsi, zan hau da ke ki ga iyayenmu."

Mai hankali a nan zai juya. Ni kuwa daɗi na ji, na ce abin ya zo daidai.

"Salamu alaikum! Inna, ki huta da ƙafarki, na sauko muku da su!"

Na dire roba a tsakar gida.

Aikin zoɓo ya tsaya cak. Wata mata mai suna Hansai, za ta yi sa'ar Ummata, ta taso a hankali ta leƙa robar. Ta sa hannu ta ɗauko ɗaya daga ƙananan tukwanen nan, ta juya ta, ta shafa wani ɓalli a bakinta.

"Innalillahi. Wannan ai ta Iyarmu ce."

Na kalli Anti Dakta. Ta cire tabarau ta rufe ido.

Inna Kande ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "'Yar nan, matso." Na matsa. "A garin nan in mace ta rasu, bayan arba'in 'ya'yanta mata sukan ɗauki tukunyar miyarta su hau da ita su kife kusa da ta uwarta. Ba bauta muke yi ba, Allah shi kaɗai ake bauta wa. Amma in kewa ta ishi mace, takan hau ta zauna kusa da tata ta yi mata addu'a. Kowa ta san wurin tata. Kuma ba a wanke ta. Yadda ta sauke ta a murhu ranar ƙarshe, haka ake kai ta."

Hansai ta kai tukunyar hanci. "Inna, da omo ta wanke."

"Da omo?"

"Da omo, Inna," na ce, murya kamar ta sauro.

Wata daga baya ta ce, "Har ƙamshin lemon tsami take yi."

A nan ne bakina, wanda bai taɓa neman shawarata ba, ya ce, "Amma ai sun yi fes."

Wallahi ban san lokacin da maganar ta fita ba. Wata tsohuwa ta tafa hannu ta riƙe haɓa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe.

Sai Anti Dakta ta dafa turmi ta miƙe, ta tako gaban Inna Kande, ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata. Ina jin ƙarar da suka yi. Ta ce, "Inna, ni na kawo ta garin nan. Laifina ne, ki yafe mana. In kin ce kada mu sake zuwa, ba za mu sake ba."

Wannan ne ya karya ni. Matar da ta hau inda jirgin sama ke wucewa, ga ta a ƙasa cikin ɓawon zoɓo saboda ni. Na zube kusa da ita ina kuka da majina, ina cewa ba ita ba ce, ta hana ni, ni ce mai kunnen ƙashi.

Inna Kande ta kalle mu, ta kalli robar. Can ta ce, "Tashi Hajiya, gwiwar nan taki ba ta tuba ba ce. Ke kuma share hancinki. Wadda ta sauko da su ita za ta mayar. Ɗaya-ɗaya, a hannu. Ba a buhu ba, iyayenmu ba gero ba ne."

Aka shimfiɗa tabarma aka baje su, mata suka kewaye. Da farko sai juya guntayen ake yi ɗaya-ɗaya. Can wata ta ɗauki wani guntu ta ce na kakarta ne, ta gane zanen bakin. Hansai ta ce, "Kakarki? Yaushe kakarki ta mallaki tukunya mai kaurin nan? Matar da ko gishiri sai ta aiko gidanmu!" Aka kwashe da dariya, mai kakar ta ce ai gara mai aron gishiri da wadda miyarta ta kori baƙo ranar suna. Daga nan labari ya ɓalle: wadda ta yi tafiyar ƙafa daga Damagaram da tukunyarta a ka, wadda ta ciyar da rabin gari a shekarar yunwa, wadda ta fasa tata a kan mijinta aka liƙe ta da ƙaro. Ana dariya ana share hawaye.

Na raɗa wa Anti Dakta, "In kunna rikoda?"

Kallon da ta yi mini ya sa na mayar da hannuna cikin hijabi.

Duk wanda aka gane sai in ɗauka da hannu biyu, mai shi tana biye da ni, ta nuna mini wurin in kife. In sauko in ɗauki wani. Haka na yi ta hawa da sauka har magariba. Amma akwai guntaye da yawa, tsofaffin ciki, da ba wadda ta iya ganewa. Da wurin da suke kwance kaɗai ake sanin na wace ce, ni kuma na ɗauke su daga wurin. Inna Kande ta ce a tara su a gindin aduwa. "Waɗannan sun zama na kowa," in ji ta. Ba wadda ta yi dariya a nan.

A hanyar komawa Gumel na jira a kore ni. Sai da muka kusa gari Anti Dakta ta ce ƙanzon da na kankare da dutse, da za a auna shi, zai iya faɗin irin miyar da aka yi tun kafin a haifi Inna Kande. Ta ƙara da cewa, "Jibi ki shirya da wuri. Za mu je gaisuwa."

Gayyatar jibin dai ta sha ruwa. Sai da muka sake cin wata da watanni muna gaisuwa, damina ta zo ta wuce, kafin Inna Kande ta riƙe hannun Anti Dakta su hau tare, tsohuwa biyu suna dafa juna. Ta ce a kalla, a tambaya, a rubuta, amma ba tono. Anti Dakta ta ce hakan ma ya ishe ta. Ni aka ce in tsaya a gindi in riƙe takalma.

Har yanzu ina aiki da ita, kuma ina jin daɗin aikin. Garin ma sun karɓe ni, ta hanyarsu. Duk bikin da za a yi sai Inna Kande ta aiko direba da saƙo: "A turo mana mai omo." In je a tara mini tukwanen biki manya-manya, irin waɗanda mutum zai iya zama a ciki, mata suna zaune a inuwa suna ba ni umarni. Hansai ce ke dubawa in na gama, ta ɗaga kowacce ta kalli rana da ita ta ce, "To, yanzu kam sun yi fes."

Abin da na koya ba shi da yawa. In na ga abu da datti a gidan mutane, sai na tambayi na wane ne kafin in kawo ruwa.