Mai Jita Da Ba A Tofa Wa Yawu Ba

Wani ne a birnin El Alto, Allah ya zuba masa son kiɗan fank, irin na ihu da tsalle da yagaggun kaya. Ran nan mai kaɗa babbar jita na wata tsohuwar ƙungiya ya karye a hannu, aka ɗauki mutuminka gwaji.

Limbert, shugaban ƙungiyar, ya ce, "Kai sabon shiga, wasa uku za mu gwada ka. Mutanenmu in suna son makaɗi yawu suke tofa masa. Ka sauko daga dandali a jiƙe, ka zauna. Ka sauko a bushe, ka kama gabanka."

Wasan farko ya zage ya kaɗa tsaf, ko kuskure ɗaya. Limbert ya sauko sharkaf, mai ganga har matse riga yake. Shi kuwa kamar yanzu aka goge shi.

Mai ganga ya ce, "Ɗan gayu, coci ka zo ne?"

Wasa na biyu ya yi dabara. Ya sayo saltenya mai zafi, wani irin gasasshen burodi, nama fal ciki, ya raba wa 'yan sahun gaba.

"Don Allah in na fara ku tofa min. Ko kaɗan ne."

Suka cinye tas. Yana kiɗa yana miƙo musu fuska, su kuma suna ɗaga masa hannu.

"Ku tofa mana!"

Wani ƙato mai gashi tsaye kamar tsintsiya ya ce, "Haba ɗan'uwa, mu ci abincinka kuma mu tofa maka? Ai mu ma 'ya'yan mutane ne."

Saura wasa ɗaya. Ya ruga ƙauye wajen kawunsa mai kiwon lama, dabbar nan mai kama da ƙaramin raƙumi.

"Kawu, ara min lamar nan taka mai baƙin hali."

"Wadda ta tofa wa fadan coci ran baftisma? Ɗauke ta, yaro. Kada ma ka dawo da ita."

Ya ja ta har kan dandali, ya ɗaure kusa da shi. Ana buga ganga ta miƙe dogon wuyan nan. Tuf, a idon Limbert. Tuf, a bakin mai ganga. Ta juya kan jama'a tana feshi kore shar. Wuri ya rikice da ihu, kowa na rama mata, har gashinta ya kwanta.

Mutuminka ya ja kunnenta, ya taka mata ƙafa, ya kai fuska daidai bakinta.

"Ni fa? Ni na kawo ki!"

Sai ta kwantar da kai a kafaɗarsa, ta lumshe ido.

Aka tashi. Ya tsaya a bushe ƙayau.

"Maigida, a yi haƙuri, a ƙara min wasa ɗaya."

Limbert ya share koren yawu daga gira, ya ƙare wa dabbar kallo.

"Ta iya jita?"

"Ina fa! Ko riƙewa ba ta iya ba."

"Yauwa. Gobe ta zo da wuri. Kai ka riƙe mata igiya."