Yadda Za Ka Ceci Askinka Daga Hular Kwano

Kai ƙanena, an saya maka keken lantarki, an haɗa maka da hular kwano, Umma kuma ta kafa sharaɗi: ranar da ka hau keken nan kai ba hula, ranar za ta karɓe makulli. Ga shi ka yi sabon aski, an zana maka layi biyu a gefe. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari duk unguwa sai ta yi zancen kanka. Ni na gwada, har yau ana yi.

Mataki na 1: Fita kamar mutumin kirki

Sa hular tun daga tsakar gida. Ɗaure igiyar a haɓa har ta ce ƙas, don kunnen Umma yana wurin. Za ta ce, "Ka dai san doka: hula a ka, ba goyo, ba gudu." Ka ce, "Haba Umma, sai ka ce wani yaro." Kada ka cika murmushi, uwa tana karanta haƙora.

Mataki na 2: Nemi ma'ajiya

Kana shan kwana, tuɓe ta. Kai wa telan bakin layi ajiya. Zai dube ka ta saman tabarau ya ce, "To, hula za ta huta, kai ya yi aikinta ke nan?" Ce masa zafi take maka. Manya ba su san darajar layi biyu ba.

Mataki na 3: Kwance ƙararrawa

Wannan tun a gida za ka yi shi. Ƙararrawa ta 'yan firamare ce. Martabar keken lantarki shirunsa, ka wuce mutum sai dai ya ji iska. Masana sun ce wanda bai ji zuwanka ba, ba zai kai ƙararka gida ba. Masanan ni ne.

Mataki na 4: Jami'in hanya

Da ka hango shi, sauka ka tura. Babu dokar da ta ce mai tafiya a ƙasa ya sa kwano. "Ranka ya daɗe, caji ne ya ƙare." Ka dai rufe allon batir da tafin hannu, don shi ba ya ƙarya. In ya tambayi shekarunka, yi tari.

Mataki na 5: Nuna kaya

Bi ta gaban shagon mai aski, inda abokai ke zaune. Murɗa hannun keken sosai, ka ƙara gudu. Juya kai gefe, layukan su sha kallo. Gaskiya ne idonka ya bar hanya, amma hanya ina za ta?

A nan ne mai baro zai fito daga lungu da buhunan siminti, hankalinsa kwance, tunda bai ji komai ba. Babban yatsanka zai laluba ƙararrawa. Tana ƙarƙashin gadonka.

Mataki na 6: Asibiti

Nas za ta ce, "Wa ya yi maka askin nan? Ya iya." Sai ta ɗauko reza ta kwashe rabinsa. Ɗinki bakwai, daidai tsakanin layukan.

Sannan Umma za ta shigo da hular a hannu, don tela ya riga ya kai mata. Ba za ta yi faɗa ba. Za ta ajiye ta a bakin gado, ta ce, "Ita dai ko ƙwarzane ba ta yi ba." Wallahi gara ta zage ka. Ni a nan na yi kuka, kuma ba don ɗinkin ba.

Mataki na 7: Sa hular

Yanzu keke yana jingine da sarƙa, makulli yana ƙulle a bakin zanin Umma. Hukuncinta kuwa: tunda ka ƙi sa ta a kan keke, za ka sa ta a ƙasa har gashi ya tsiro. Da ita za ka je aike. Tela zai leƙo ya ce, "Yau kuma keken ne ke hutu?" Gaishe shi ka wuce.

Gargaɗi: mai wannan jagora ba ruwansa da karaya, ɗinki, ƙwace makulli ko hawayen uwa. Zancen kai na yi alkawari, kuma na cika. Duk mai ƙorafi ya same ni a bakin layi. Ba ni da wuyar ganewa, ni ne mai tafiya a ƙasa da hular kwano.