Rasuwar Sitti Zakiyya, Mai Haifar Manhaja

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, Hajji Shahhat Abul-Makarim na layin masu gyaran rediyo, Damanhur ta ƙasar Masar, mutumin da ya riga kowa a garin nan ganin kwamfuta tana rubuta manhaja da kanta, tun injiniyoyin yau suna rarrafe, yana sanar da rasuwar abokiyar sana'arsa, Sitti Zakiyya. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinta, lulluɓe da mayafinta.

Hajji bai taɓa zaman aji ba, kuma bai ga abin da ya rasa ba. Ya ga rediyo ya mutu, ya ga kaset ya bi shi, yana nan daram. A tashar jirgin ruwan Iskandariyya ya tsinto marigayiya, ya gane ta tun kafin a jona mata wuta. Aikinsa zane ne kawai: akwati na magani, akwati na mai saye, kibiya a tsakani. Sai ya danna maɓalli. Ta ce "ƙirrr, tak, tak," ta haifo manhaja sukutum, layi dubbai, waɗanda bai taɓa karanta ko ɗaya ba. Me zai karanta? Ya yarda da ita.

Mai haƙuri ce. A sauya kibiya sau goma, ta sake haihuwa sau goma, ba ƙorafi. Mai riƙon amana ce kuma, domin duk zanen a cikinta yake. Hajji bai taɓa kwafarsa ko'ina ba, don kada ɓarayin fasaha su samu, kuma har ta rasu ba wanda ya sace shi.

Ciwon ajalinta ya fara da tari. Aka yi mata turare, aka kunna mata fanka biyu. Surukinsa, Injiniya Midhat, ya duba ta ya ce, "Ya Hajj, kamfanin da ya yi wannan ya riga kakata mutuwa. Ka kira mai sayen tsofaffin ƙarafa." Da bakinsa ya faɗa, a gabanta. Washegari ta ce "tak" ɗaya, ta yi shiru, ta tafi da zanen duka.

Ta bar marayu: manhajar gidan burodi, ta mai sayar da tayoyin mota, da babbarsu, ta kantin maganin Dakta Nargis. Ita Dakta kullum tana ƙofar shago: "Ammu Shahhat, farashi ya canza, 'yarka ta ƙi karɓa. Asabar in ba gyara, na koma wajen yaran Alƙahira masu rubuta manhaja, maƙwabta ma su biyo ni." Hajji ya zana mata akwatunan a takarda, tsaf, daga ka. Takarda ba ta haihuwa.

Za a ɗauki gawa ranar Alhamis bayan la'asar, a amalanken mai tsofaffin ƙarafa, ba tare da ciniki ba. Zaman makoki a ƙofar shago, gahawa ba sukari. Midhat ya zauna a baya.

Duk mai cewa Hajji ƙari yake yi, wai mutum ma zai iya abin da ta yi, ga kujera. Za a buɗe masa babbar marainiya, ya nuna inda farashin magani yake kwance. In ya gano, Hajji zai aske gashin bakinsa a tsakiyar layi, kowa na kallo. Wanda ya isa ya zo. Don girman Allah, ya zo kafin Asabar.