Ranar da Manhajata ta Kira Alhaji Buba Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata a Kwadon ba, ranar da manhajar da na rubuta da hannuna ta tona min asiri a gaban dattawa fiye da sittin. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta lulluɓe ni, sannan dariya ta biyo baya.

Sana'ata rubuta manhaja ce, a ɗakina na unguwar Manawashi a Gombe nake aiki. A lokacin na fi shekara ina son Asma'u, amma maganar ba ta kai gaban manya ba, domin ina tsoron mahaifinta. Alhaji Buba Bafulatani ne mai kunya da ƙarancin magana, a Kagarawal yake zaune, kuma shi ne shugaban wata ƙungiyar manoman albasa da tumatir a Kwadon. A ganinsa duk saurayin da ya wuni gaban kwamfuta wasan ƙwallo yake bugawa a ciki (ba zan ce ƙarya ya yi gaba ɗaya ba). Asma'u ce ta gaya min ƙungiyar na neman hanyar aika wa mambobi sanarwar taro a waya, ita ce kuma ta sa yayanta ya ambaci sunana. Na karɓi aikin hannu bibbiyu. Burina ɗaya ne, Alhaji ya ga ina da sana'a kafin in tura magabatana.

Sakataren ƙungiyar, Malam Iliya, tsohon malamin makaranta ne daga Kaltungo. Da ya miƙo min rajistar mambobi sai kaina ya ɗaure. Adamu bakwai ne a ciki, Usman biyar, Muhammadu kuwa na daina ƙirgawa. Su a tsakaninsu sun san wane ne wane, ni kuwa sai na halarci taro biyu ina haɗa fuska da lambar waya. Don kada in rikice, na buɗe wani gurbi kusa da sunan kowa, nawa ni kaɗai, ina rubuta abin da zai tuna min da mutum. Akwai "Adamu mai gyangyaɗi". Akwai "Adamu ba ya gajiya da magana". Akwai "Usman hula a karkace". Shi kansa sakatare na sa masa "Iliya mai ɓoye goro". Da na zo kan shugaba sai zuciyata ta yi sanyi, na yi murmushi ni kaɗai kamar wawa, na rubuta "Surukina in sha Allahu".

Manhaja ta yi kyau, na gwada ta sau da yawa, tana ɗauko sunan mutum ta gaishe shi sannan ta ba shi sanarwa. Da safiyar ranar ƙaddamarwa Malam Iliya ya kira ni ya ce a ƙara unguwar kowa a jerin. Aikin minti biyar ne. Na cusa sabon gurbi a gaba, sauran duk suka matsa da ɗaya, wato inda manhaja ta saba samun suna yanzu bayanan sirrina ne a wurin. Ko ɗan koyo ya san bayan irin wannan gyara ana sake gwaji. Ni a lokacin ina can ina goge shaddata karo na biyu.

Bayan Azahar aka taru a rumfar da suke zama kusa da kasuwa, ga buhunan albasa jibge a gefe. Na tashi na yi jawabi, har da cewa wannan na'ura ba ta mantuwa kuma ba ta kuskure (Allah ya yafe min). Sannan neman suna ya ja ni na ce bai dace kowa ya fara aika saƙo ba sai shugaba. Na durƙusa na miƙa wa Alhaji kwamfutar, ya yi bismillah, ya danna da yatsansa.

Wayoyi suka ɗauki ƙara lokaci guda, aka yi tafi. Ina tsaye ina jin kaina kamar wanda ya kawo wa gari lantarki. Abin da ban lissafa ba shi ne yawancin dattawan ba sa karanta boko, kowa sai ya miƙa wa na kusa da shi, na kusa kuma da ƙarfi yake karantawa.

Daga baya can na fara jiyowa. "Barka da rana, Usman hula a karkace." Sai na ga wani dattijo ya kai hannu ya gyara hularsa. Wani ya karanta, "Barka da rana, Adamu mai gyangyaɗi," mai sunan kuwa ƙarar wayar ce ma ta tashe shi, yana ta tambayar me aka ce. Na san abin da ya faru, na kuma san saƙon da ke zaune a wayar shugaba.

Alhaji ya laluba aljihu bai ji tabarau ba, sai ya ba Malam Iliya wayar. Na yunƙura in hana, amma na makara. Malam Iliya ya gyara tsayuwa, ya karanta da muryar da ya shekara talatin yana kiran sunayen ɗalibai da ita:

"Barka da rana, Surukina in sha Allahu. Ana gayyatarka taro ranar Asabar."

Alhaji ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe baki, idonsa a ƙasa. Can ya ce a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Injiniya, wannan maganar ta na'ura ce ko taka ce?"

Cikin duk amsoshin da ke duniya, ga wadda na zaɓa: "Baba, matsalar sabis ce."

Nan rumfa ta fashe. Adamu ba ya gajiya da magana ya tashi ya tabbatar da sunansa, yana cewa shi dai bai taɓa ganin sabis mai neman aure ba. Malam Iliya ya duba tasa wayar, ya kalle ni ta saman tabarau, ya ciro goro daga aljihu ya raba wa mutane yana cewa, "To ga shi, kada kwamfuta ta kai ni gaba." Ban san yadda na hau babur na dawo Gombe ba, har kwamfutar na manta a can.

Kwana uku wayata a kashe. Na riga na yanke cewa na rasa Asma'u, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai, domin a gaban abokansa na kunyata mutumin da ko sunan 'yarsa ta fari ba ya iya faɗa. A rana ta huɗu kawuna ya zo ɗakina riƙe da kwamfutar, yana danne dariya. Ya ce Alhaji ne ya kai masa har gida, ya ce a gaya min saƙo ya iso, amma su ba su saba karɓar irin wannan magana ta waya ba, a turo manya.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Adamu bakwai ɗin duk sun halarta. Da na ce zan goge laƙaban daga manhajar, ƙungiya ta ƙi, wai tunda aka kafa ta ba a taɓa aika sanarwa ta sami Adamun da ake nufi ba sai yanzu.

Na koyi darasi. Ko waƙafi na canza, sai na fara aika gwaji zuwa wayata, kuma ba na ajiye wa na'ura abin da ba zan iya faɗa a gaban mai shi ba. Sai dai ban tsira gaba ɗaya ba. Kwanan baya Asma'u ta ɗauko wayar mahaifinta za ta kira ni, ta nemi sunana ta rasa, sai da ta buga lambata da hannu. Ashe Alhaji ya sa an adana masa ni da sunan da ya fi masa sauƙin tunawa, "Matsalar Sabis".