Rasuwar Mai Koren Ido, Kwantirolar Motar Aski

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin ƙonanniyar roba, mai askin nan da ke yawo da shagonsa a cikin farar mota yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa sunkuyar masa da kai, rasuwar kwantirolar solarsa, wadda aka fi sani da Mai Koren Ido. Ta rasu da tsakar rana, a bakin aiki, a gaban surukinsa.

Marigayiyar ba ta fi tafin hannu ba. A manne take jikin bangon mota, bayan madubi, tsakanin farantin sola da ke kan rufi da batir da ke ƙarƙashin kujera. Aikinta ta karɓi wuta daga sama, ta auna, ta ba batir daidai cikinsa, sannan ta raba wa kilifar aski da fanka da fitila. Ba ta taɓa cin rabon wani ba. Ba a san ta da surutu ba, iyakarta “ɗit” da safe in rana ta fito, da “ɗit-ɗit” in batir ya ƙoshi. Ta sha gargadar hanya, ta sha ƙurar gashi da hoda, ko tari ba ta taɓa yi ba.

Ga yadda ajali ya zo. Surukin mai aski tsohon ma'aikaci ne mai ji da furfurarsa, wanda tun da aka ba wa mai aski 'yarsa bai taɓa taka motar ba. In an tambaye shi sana'ar mijin 'yarsa, sai ya ce, “Yana harkar mota.” Kwatsam sai ga saƙo: za a ɗauki hotonsa a rataye a ofishin da ya yi ritaya, wanzaminsa kuma ya yi tafiya, don haka zai zo a rage masa suma.

Mai aski ya ƙudura sai ya nuna wa tsohon cewa mota ma shago ce. Ya sayo babbar fanka da butar dafa ruwan tawul. Da ya ga ƙaramin farantinsa ba zai riƙe su ba, ya garzaya gidan yayansa, ya sauko da wani ƙaton faranti da aka cire daga rufin gida, mai faɗin ƙyauren ɗaki. Ya ɗaure shi a kan mota, ya tsaya yana kallonsa yana murmushi.

Uwargida ta leƙa bayan farantin ta karanta lambar da ke jiki, ta zo ta karanta wadda ke ƙirjin marigayiyar.

“Baban yara, wannan fa ya fi ƙarfinta. Abin da yake zubowa ya ninka abin da aka rubuta za ta iya ɗauka. Ka kai wa mai sayar da kayan sola ya haɗa maka da daidai shi.”

“Haba, ke kuwa! Rana ɗaya ce fa a sama, duk ita suke sha. Ƙaramin ma ai ita yake kawo mata.”

Ya haɗa waya. Da safen ranar zuwan surukin akwai hadari, rana a lulluɓe, marigayiyar ta ce “ɗit” cikin ladabi kamar kullum. Mai aski ya dubi matarsa ya ɗaga gira.

Surukin, wato Baba, ya iso, ya hau mota yana duban ko'ina kamar wanda ya zo binciken tsafta. Ya zauna, aka yafa masa mayafi, fanka tana kaɗawa, buta tana tururi. Har ya ce, “To, ba laifi,” kalmar da mai aski ya yi shekara da shekaru yana jira. Kilifa ta kama hanya daga kunnen hagu, ta share har tsakiyar kai. A daidai nan hadari ya yaye, rana ta buɗe ido gaba ɗaya.

Marigayiyar ta yi iya ƙoƙarinta. Koren idonta ya koma ja. Ta yi wani kuka da ba a taɓa ji daga bakinta ba, “ɗiiiiii,” sannan “tas!” Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan madubi. Fanka ta tsaya, kilifa ta ɗauke da gashi a bakinta.

Baba ya daɗe yana kallon madubi: dama furfura cunkus, hagu fili fetal.

“Baba, a yi haƙuri, bari in ƙarasa da almakashi.”

“Kul! Almakashi ba zai daidaita da wannan ba. Da abin da ka fara, da shi za ka ƙarasa. Kuma ba zan kai wa wani wannan kan ya yi mini dariya ba.”

An ɗage ɗaukar hoto. Tun daga ranar, mutumin da bai taɓa taka motar ba kullum shi ne farkon zuwa, ya zauna a kujerar aski yana tambayar ko wuta ta dawo.

Marigayiyar ta rasu ta bar batir, wanda ke kwance wurin mai gyara, jiki da sauƙi. Da kilifa da fitila da fanka biyu. Da ƙaramin farantin da suka yi zaman lafiya tare, yanzu yana jingine a bayan gida. Ƙaton farantin da ake zargi an sauke shi, an kifa shi fuska a ƙasa har sai an samo wadda za ta iya da shi. Uwargida ce za ta zaɓo, an karɓe wannan hurumi daga hannun mai aski.

Za a naɗe marigayiyar a cikin tawul mai tsafta gobe da hantsi, a raka ta wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ana karɓar ta'aziyya a cikin motar, sai dai a zo da mafici, ba fanka. Ana roƙon jama'a kada kowa ya ce “ai an gaya maka,” uwargida ta riga ta wakilci kowa. Baba ne zai jagoranci zaman. Duk wanda zai gaishe shi, don Allah ya zagayo ta dama.