Rasuwar Siginar Babur ɗin Tela a Hannun Yayan Matarsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya kasa haɗiyuwa, Tela na bakin kasuwa yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar siginar babur ɗinsa, hagu da dama, wadda ta cika a tsakar gidansa, a hannun yayan matarsa.

Marigayiya ta yi zaman lafiya da kowa. Ba ta taɓa nuna hagu ta bi dama ba. Ko a ruwan sama, da an taɓa ta sai ka ji kit-kit, kit-kit, a natse, har a gama shan kwana. Ta bar babbar fitila, da fitilar birki mai fama da tsufa, da hon.

Lafiyarta ƙalau har ranar da yayan matar Tela ya zo gaisuwa, ya ce makunnan hannun babur ɗin sun koɗe, ya zaro wasu masu ƙyalli daga aljihu. Wannan bawan Allah, duk iliminsa na wuta bai wuce canza batirin tocila ba. Ya yanke wayoyi, ya fere su da haƙori, ya haɗa ja da ja, kore da kore, ya naɗe da salatif. Ashe makunnan na wani kamfani ne daban, inda koren waya ba aikin sigina take yi ba. Marigayiya ta ƙifta sau ɗaya, ta ce zzzt, hayaƙi ya tashi. Shi kuwa ya karkaɗe rigarsa, ya zauna ya ci abincin rana har da ƙari.

Tela ya canza fiyus, ya canza ƙwayayen fitila, ya bi waya ɗaya bayan ɗaya da ɗan gwajin wuta har idonsa ya yi ja. Wani mai gyaran wutar babura ya leƙa, ya girgiza kai, ya yi masa ta'aziyya. Abin da ya fi ci wa Tela rai shi ne uwargida ta sa ya rantse ba zai faɗa wa yayanta ko kalma ɗaya ba, don babba ne, kuma wai da kyakkyawar niyya ya yi. Tela mutum ne mai cika alkawari, bakinsa a rufe yake.

Sai dai hon ba ta rantse wa kowa ba. Tun daga ranar, albarkacin wancan haɗin, duk wanda ya danna siginar hagu, ita ce ke kurma ihu, ba ta yin shiru sai an mayar da makunni.

Za a yi jana'iza gobe da rana, daidai lokacin da yayan uwargida yake barcinsa. Masu rakiya su hallara a ƙofar shagon ɗinki. Daga nan za a ɗauki gawa a kan babur ɗin, a zagaya gidan yayan uwargida a hankali, ta hannun hagu, Tela yana ba da sigina a kowace kwana kamar yadda doka ta ce, har sai mai gidan ya fito karɓar gaisuwa.