Aniello da Keken Donna Assunta

"Fadar Caserta? Ai gidanmu ce! Kakan kakana ne ke gudu a gaban keken dokin sarki, ƙafar nan tawa gadonsa ce."

Haka Aniello, sarkin cika-bakin unguwarmu, ya faɗa ranar Lahadi a gidan su Nunzia, yarinyar da yake nema, bakinsa cike da taliya. A gidan nan kuwa, in kakarta Donna Assunta ba ta ce to ba, babu aure. Tun da ciwon gwiwa ya ɗora tsohuwar a keken guragu take marmarin sake ganin ruwan da ke zubowa daga dutse a ƙarshen lambun fadar.

"Ni zan tura ki har can, Kaka!"

Ran tafiya, gogan ya zo da baƙar kwat da sabon takalmi mai tsini, a tsakiyar zafin Agusta. Mu ba ma zuwa gidan sarki a hargitse, ko da sarkin ya daɗe a kabari.

A ƙofar fadar Nunzia ta ce, "Ga motar da ke kai mutane ƙarshen lambu can, mu hau mana."

"Mota? Ga ruwan nan, ko yawu na tofa sai ya kai!"

Kowane ɗan Caserta ya san hanyar nan mayaudariya ce. Kana tafiya ruwan yana ja da baya, ga hawa. Ɗan gidan sarkin namu ashe bai taɓa wuce ƙofa ba. A tafkin farko na kan hanyar ya tuɓe kwat. A na biyu ya rataya takalmi a wuya, ƙafa duk bororo.

Tsohuwa ta waiwayo. "Ɗan nan, wannan hucin na kakan naka ne, ko na dokin?"

Ya ci gaba da turawa. Can gaba sai ji aka yi rim, jarumi ya zube a gindin wani gunki. Nunzia ta kama yi masa fifita.

"Ke, bari! Mai gumi ake wa fifita? Iska za ta kama masa wuya!" Tsohuwa ta naɗe shi ruf da mayafinta na ulu, ta dogara sanda ta miƙe, aka zuba shi a keken.

Haka suka juyo ba a ga ruwa ba. Nunzia na turawa, tsohuwa na ɗingishi a gefe, jama'a na darewa suna yi wa "baba" sannu.

Wai a haka ya leƙo daga cikin mayafi. "Kaka, maganar auren fa?"

"Wane aure? Mijina sai da ya tsufa tukuf yana ɗawainiya da ni kafin na fara tura shi a keke. Kai tun ba a ɗaura ba har ka hau!"